Shayin dutse na Wuyi: me yasa yake ƙaurin gawayi, kuma yaya ake haɗa shi?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce yayanka ya dawo daga Guangzhou ya kawo maka tsarabar wani shayi a jan kwali, ƙananan ledoji jere a ciki, an rubuta Da Hong Pao a jiki, ganyen baƙi ne dogo a murɗe, ka zuba shi a buta ka dafa yadda muke dafa ataya ka sa suga, sai ya fito da ɗaci da ƙauri har ka kasa shanye kofi ɗaya, shine kake tambaya ko jabu aka sayar masa ko kuwa lalacewa yayi, in kuma ba haka bane toh yaya ake shansa.

Kar ka zubar dashi don Allah. Wannan ganyen ba'a ɗora shi a wuta kwata-kwata, ya riga ya sha wutarsa tun a can, abinda yake buƙata kawai tafasasshen ruwa ya ratsa shi na 'yan sakan a tsiyaye. Ganyen da muke ataya dashi shima daga Chaina yake zuwa amma kore ne, kuma mun saba dafa shi har yayi kauri mu kashe ɗacin da suga da na'ana'a, wannan kuwa in ka masa haka duk abinda aka sha wahalar sakawa a cikinsa ka kashe shi, gawayin kaɗai zai rage maka. Ita kuma maganar ko mai kyau ne ko na banza ne, ba'a yanke ta a kurɓin farko, sai wajen zubi na huɗu ko na biyar lokacin da wutar ta janye, anan ne ganyen yake nuna ko akwai wani abu a ƙarƙashin gashin da aka yi masa da wuta ko babu. Duk dogon bayanin da zan maka akan wannan yake tafiya.

Asalinsa daga tsaunukan Wuyi ne a arewacin lardin Fujian na Chaina, kusa da iyakarsu da Jiangxi, wurin da UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Mutanen can suna ce masa yancha, shayin dutse, kuma yana cikin dangin ulong, wato tsakanin koren shayi da baƙi irin na Lipton. Wurin jajayen duwatsu ne dogaye da kwazazzabai a tsakaninsu, rana bata daɗewa tana dukan ganyen, ga hazo ga ruwa yana tsatsafowa daga jikin dutse, ƙasar kuma ruɓaɓɓen dutse ne da tsakuwa, ruwa baya kwanciya a gindin bishiyar. Wanda aka noma a tsakiyar wannan yankin, wajen murabba'in kilomita 70, shi ake kira zhengyan kuma shine mai tsadar, akwai kwaruruka irinsu Niulan Keng da Huiyuan Keng da sunansu kaɗai yana ninka kuɗi. Na gefe-gefe banyan, na bakin kogi zhoucha, na wajen yankin gaba ɗaya waishan, kuma gaskiya yawancin abinda yake yawo a kasuwa na wajen ne ko da me aka rubuta a kwali. Ba laifi bane shan na waje, akwai masu daɗi sosai, matsalar kawai a karɓi kuɗin na ciki a baka na waje.

Ana tsinkar ganyen daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu, kuma ba toho ake nema ba kamar na koren shayi, sai ganyen ya buɗe ake ɗebo uku ko huɗu da karansu. A shanya ya yi laushi, sai a shiga aikin da yafi kowanne wuya, a girgiza ganyen a faifan gora ko a cikin ganga mai juyawa gefensa ya ƙuje, a barshi ya huta, a sake girgizawa, haka ake kwana anayi har gefen ganyen yayi ja tsakiyarsa na kore, anan ƙanshin fure da na 'ya'yan itace yake samuwa. Daga nan a soya shi a zafi don a tsayar da canjin, a murza shi ya zama dogo, a busar, a zauna a tsince kara da ganyen da ya tsufa ɗaya bayan ɗaya.

Sai gashi, wanda shine ya kawo tambayarka. A hanyar gargajiya ana cika rami da gawayi, sunfi son na itacen 'ya'yan marmari irin laici saboda baya hayaƙi kuma yana daɗewa, a barshi ya kama ya zama garwashi zalla, sai a lulluɓe shi da toka, kaurin tokar shine abin daidaita zafin, in ana son zafi a rage ta in ana son sanyi a ƙara. A ɗora kwandon gora da ganyen a sama, mai gashin yana taɓa jikin kwandon da hannu yana shinshinawa yana juyawa, sa'o'i da yawa, wani lokacin ya haura goma a zama ɗaya. Kuma ba sau ɗaya ba, a sauke a ajiye shi makonni danshin da yake can cikin ganyen ya fito waje, a sake mayarwa, sau biyu sau uku, shi yasa ganyen da aka tsinka a Mayu sai wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara yake fitowa kasuwa. Harshen wuta baya taɓa ganyen, hayaƙi ma bai kamata ya taɓa shi ba, don haka shayin dutse na kirki ba shayin hayaƙi bane, in kaji warin hayaƙi sosai kuskuren mai gashi ne. Yanzu da yawa da injin lantarki suke gasawa, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin aibu ba in an iya, amma na gawayi da aka yi a hankali ruwansa yafi kauri da laushi a baki, wannan na sha gwadawa gefe da gefe kuma bana shakka akai.

Ka san bambancin gyaɗar da aka soya a yashi a hankali har garɗinta ya fito da wadda aka bari ta ƙone, toh haka gashin yake, amfaninsa ya fito da abinda yake cikin ganyen ya kuma kore ɗanyantaka, ya sa ya iya ajiyuwa. Akwai gashi mara ƙarfi da suke kira qing huo, ruwansa ruwan zinare, ƙanshin fure a gaba. Akwai matsakaici zhong huo, sai cikakke zu huo wanda ruwansa yake ja mai duhu, ƙanshin ya koma na busassun 'ya'yan itace da narkakken suga. Abin takaicin shine wuta tana iya zama mayafi, mai ganye mara kyau ko tsohon ganyen da ya fara tsami sai ya gasa shi da ƙarfi har komai ya ɓuya a bayan ƙauri, ya zuba a jan kwali mai sheƙi, baƙo ya siya yana ganin ai haka shayin yake. Wannan abin yana min ciwo don mutane da yawa daga irin wannan suke yanke hukunci su ce shayin dutse gawayi ne, su barshi har abada.

Wani abu kuma, ko mai kyau ne in sabon gashi ne sai ya huta, tui huo suke cewa, wutar ta sauka. Mara ƙarfi wata ɗaya zuwa biyu ya isa, cikakken gashi kuwa wata shida har shekara, kafin nan zakaji yana busar maka da maƙogwaro kuma ƙaurin ya danne komai. Ka duba bayan kwalin akwai ranar da aka yi shi, in bai wuce wata biyu ko uku ba toh rabin matsalarka kenan, ka sha leda ɗaya yanzu ka ajiye sauran.

Toh ga yadda zaka haɗa. Abinda suke amfani dashi sunansa gaiwan, ɗan kofin tangaran ne mai murfi da faranti, yana cin ruwa mil 100 zuwa 110, kuma waɗancan ƙananan ledojin giram 8 ne ko ɗan sama da haka, an auna su ne daidai gaiwan ɗaya. In baka dashi ka samu ƙaramin kofin tangaran ko na gilas mai kauri da ɗan farantin da zai rufe shi da mataci, ya wadatar, kawai kar kayi amfani da butar ƙarfen da ta saba da na'ana'a da citta da kanumfari don ganyen nan yana kwasar wari da sauri. Tunda farkonka ne ni zan ce ka fara da giram 5 ko 6, wato ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ledar, giram 8 yana yiwa sabon baki ƙarfi. Za'a ce maka sai butar yumɓu ta Yixing, eh tana tausasa ƙauri, amma tana ɓoye aibu kuma, mai son sanin gaskiyar ganyensa da tangaran yake farawa.

Ruwa kuma kar ka raina shi. Ruwan bohol mai nauyi, irin wanda yake barin farin ɓawo a gindin buta, yana kashe ƙanshin ya sa ruwan shayin yayi duhu ya mutu, na famfo mai warin kulorin shima haka. Ka samu ruwan roba ko na leda wanda baya da wani ɗanɗano a baki. Kuma ya tafasa sosai, digiri 100, ba ruwan filas da ya kwana ba, kuma duk zubi biyu ka mayar da butar kan wuta. Mutane suna tsoron zafi suna ganin shi yake kawo ɗaci, a wannan shayin ba zafi ne yake kawo ɗaci ba daɗewa ne, ruwa mai ɗumi ma ƙanshin baya tashi sai ka samu wani abu salam.

Ka fara ɗauraye kofin da ruwan zafi ka zubar, ka juye busasshen ganyen a cikin kofin mai zafi ka rufe ka ɗan girgiza, ka buɗe ka shinshina. Anan zaka fara jin labari, mai kyau zakaji garɗi da ɗan zaƙi-zaƙi kamar na koko ko ƙanzo, mara kyau zakaji toka ko warin tsohon kwali ko tsami. Sai ka zuba ruwa ya rufe ganyen ka tsiyaye nan take, wannan na wanki ne, wasu suna zubarwa wasu suna ajiye shi gefe su sha a ƙarshe in ya huce. Zubi na farko na gaske, ka zuba ka rufe ka tsiyaye cikin sakan 5 zuwa 10, kuma ka tsiyaye tas har ɗigon ƙarshe, don ruwan da ka bari a gindi shi zai cigaba da jiƙa ganyen ya ɓata maka na gaba. Na biyu da na uku haka, daga na huɗu ka fara ƙara sakan 5 ko 10 kowane zubi, can wajen na bakwai kana iya barinsa rabin minti har minti ɗaya. Tsakanin zubi ka ɗan zame murfin kar ganyen ya dahu a tururinsa. Ka juye a wani kofi daban sannan ka raba a ƙananan finjali, ba'a cika babban kofi dashi.

Wajen sha, kafin ka kai baki ka ɗaga murfin ka shinshina cikinsa, ba ganyen ba, murfin, don anan ƙanshin yake taruwa kuma yana canzawa daga zubi zuwa zubi. Sai ka kurɓa kaɗan ka zuƙo iska tare dashi har yayi ƙara, a wajensu wannan ba rashin ladabi bane, haka masu gwaji suke yi don ruwan ya watsu ko'ina a baki ƙanshin ya hau ta bayan hanci. Ka haɗiye ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, ka ɗan dakata kar ka yi saurin ƙarawa. Abinda kake nema ba a kan harshe kaɗai yake ba. Ka lura ruwan yana da jiki ne ko kuwa tsararo ne, yana wucewa sumul ko yana kartar maƙogwaro, ɗacin da baurin da kaji suna narkewa cikin 'yan sakan su koma zaƙi ko kuwa sun manne a ganɗa sun ƙi tafiya. Wannan zaƙin da yake dawowa daga maƙogwaro bayan ka haɗiye shi suke kira hui gan, kuma tare dashi zakaji yawu yana tsatsafowa ta gefen harshe. Ɗaci ba aibu bane in yana tafiya, wanda ya zauna shine aibu. In ka shanye ka shinshina finjalin da babu komai, musamman in ya fara hucewa, mai kyau yana barin ƙanshi mai zaƙi a jikin kofin na tsawon lokaci.

Zubi na ɗaya da na biyu kusan duk wuta ce take magana, don haka kar ka ruɗe da su, ko sun maka daɗi ko basu maka ba. Daga na uku zuwa na biyar gashin yake ja da baya, in ganyen kirki ne sai kaji wani abu yana tasowa, fure, ko 'ya'yan itace, ko itace mai ƙanshi, ruwan kuma bai rage kauri ba, sannan a ƙarshensa akwai wani sanyi-sanyi da ɗan nauyi irin na ma'adini da yake zama a dasashi da maƙogwaro ko bayan ka tashi daga wurin, wannan shi suke kira yan yun kuma shine abinda ake biyan kuɗi dominsa. Irin wannan zai kaika zubi bakwai, takwas, har goma, na ƙarshen ma ruwa ne mai zaƙi mai tsabta. In kuwa wutar ta janye sai kaji wayam, ruwan zafi mai kala kawai a zubi na huɗu, toh gashi aka sayar muku ba ganye ba. Akwai kuma wanda zakaji ɗanyen wari da ɗan tsami mara daɗi, wannan gashin ne bai ratsa shi ba ko ya sha danshi ya koma, fan qing suke ce masa, yafi samun masu gashi mara ƙarfi.

In ka gama kar ka zubar da ganyen, ka juye shi a faranti ka taɓa. Mai kyau ya buɗe, yana da laushi da santsi, in ka ja shi yana ɗan miƙewa, a mara ƙarfin gashi zaka ga jan gefen da koren tsakiyar, a mai cikakken gashi zaka ga wasu ƙananan ƙuraje a fatar ganyen, wannan alamar wuta ce da ta shiga a hankali ba aibu bane. Wanda aka ƙona zai tsaya baƙi ƙirin a murɗe ya ƙi buɗewa, in ka murza shi ya farfashe. In kuma kana son gwajin da babu ɓoye-ɓoye kayi irin na masu tantancewa a can, giram 5 a ruwa mil 110, ka barshi minti 2 ka tsiyaye, sannan minti 3, sannan minti 5. Kowane shayi zai yi ƙarfi a haka, amma mai kyau zai yi ƙarfi ne ya kuma sauka ya koma zaƙi, mara kyau duk abinda ya ɓoye sai ya fito.

Game da sunan da yake jikin kwalin, asalin bishiyoyin Da Hong Pao guda shida ne a jikin wani dutse da ake kira Jiulongke, a 2005 an yi gwanjon giram 20 nasu akan kuɗin Chaina yuan 208,000, daga 2006 aka daina tsinkarsu gaba ɗaya, na ƙarshen da aka ɗiba ma an kai shi gidan tarihi na ƙasa a Beijing. Don haka duk wanda yace maka nasa daga uwar bishiya ne ka wuce kawai. Abinda ake sayarwa yau ko dai daga irin da aka yaɗa ta hanyar dasa reshe ne, kamar Qi Dan, ko kuma, wanda shine mafi yawa, haɗi ne na iri daban-daban da mai shayin ya gauraya har ya samu ɗanɗanon da yake so. Haɗin ba jabu bane, sana'a ce mai zaman kanta, sai dai sunan baya gaya maka komai akan inganci tunda akwai na kuɗi kaɗan akwai na miliyoyi duk da suna ɗaya. Shi yasa in yayan naka zai koma, ni shawarata ya nemo maka Rou Gui da Shui Xian daban-daban, su biyun sune ginshiƙin shayin Wuyi kuma da su ake koyon baki. Rou Gui ƙanshinsa kaifi ne dashi, akwai ɗan yaji-yaji irin na kirfa da yake tsikarar harshe, Shui Xian kuma ruwansa ne abin, laushi da kauri, in na tsofaffin bishiyoyi ne da ake kira lao cong zakaji ƙanshin itace da gansakuka a ciki. Ni dai Shui Xian mai matsakaicin gashi nake fara ba mutum, yafi haƙuri da hannun da bai saba ba, ko ka ɗan makara wajen tsiyayewa baya hukunta ka kamar Rou Gui. A Guangzhou ɗin akwai babbar kasuwar shayi ta Fangcun, kuma al'adarsu ce a zaunar dakai a haɗa maka ka sha kafin ka siya, toh ya zauna ya sha har zubi na biyar ko na shida kafin ya ciro kuɗi, kuma ya tabbatar daga buhun da aka ɗanɗana masa aka auna masa.

Suga da madara kuma ka bari tukuna, ba haramun bane amma zasu rufe ainihin abinda nace ka nema. In bakinka yana son zaƙi ka ci dabino a gefe bayan zubi na uku ko na huɗu. Kar ka sha shi da yunwa, giram 8 a ɗan ruwa kaɗan yana da ƙarfi sosai, yana sa jiri da bugun zuciya da rawar hannu, musamman da azumi kar ya zama shine farkon abinda zai shiga cikinka, kuma in kai mai wahalar barci ne kar ka wuce la'asar dashi.

Sauran ledojin ka barsu a rufe yadda suke, ka saka a gwangwani mai murfi ka ajiye a ɗaki mai sanyi inda rana bata shiga, nesa da kicin da turaren wuta da sabulu da kayan yaji. Kar ka saka a firji, gasasshen shayi baya buƙata, kuma da yanayin wutar lantarkinmu yana sanyi yana hucewa raɓa ce zata taru a ciki ta lalata shi. Da hunturu babu damuwa, damina ce abin tsoro, ledar da ka buɗe ka rage ka naɗe bakinta da kyau ka shanye cikin kwana biyu uku. Ka haɗa ɗaya yanzu yadda na faɗa, ka sake haɗa wata bayan wata biyu ko uku da ruwa iri ɗaya da awo iri ɗaya, in ƙaurin ya ragu zaƙin ya ƙaru toh hutu kawai yake nema, in kuma har lokacin toka ce zalla kuma ganyen ya ƙi buɗewa toh ƙonanne ne, ajiya bazata gyara shi ba.